Ƙara Akwai, Magana Babu: Inda Ake Neman Laifin Sifikar da Aka Haɗa a Gida

Ana saura kwana tara walimar saukar karatu a wata Islamiyya da ke Tudun Wada a Kaduna, ƙanina ya kira ni da daddare, muryarsa a dagule. Wata biyu ya kwashe yana haɗa manyan sifikoki guda biyu da hannunsa. Shi ya sayo katako, kafinta ya yanka masa, shi kuma ya ɗaura komai. Kowane akwati na ɗauke da babbar sifika mai inci 15 a ƙasa, da ƙananan tuwita huɗu, wato sifikoki masu fitar da siririn sauti, a jere daga sama. Ya ce, "Yaya, ƙara kam akwai, har kwanon rufi take girgizawa. Amma da Malam ya karɓi makirufo don gwaji, na bayan fili suka ce hayaniya kawai suke ji." Shawarar da aka ba shi ita ce ya cire manyan ya sayo masu wat da yawa. Na roƙe shi kada ya taɓa aljihunsa sai na zo.

Wannan shawara ita ce ke ƙona min rai, domin na ga ta cinye kuɗin mutane da dama. Duk wanda ya taɓa zagawa kasuwar Panteka ya san hannun mutanen Kaduna ba ya gazawa wajen ƙera abu. Akwatunan da ake haɗawa a garin nan don masallatai, da gidajen kallon ƙwallo, da wuraren biki, da yawansu sun fi na kanti ƙwari. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne hanyar bin diddigin laifi idan sauti ya fito a karkace. Sai a bar jaki a koma dukan taiki: a canza sifika alhali akwatin ne, ko a canza amfilifaya alhali ɗakin ne.

Sauti dai kaɗawar iska ce, kuma ana ƙirga ta da yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya na ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Rugugin babbar ganga na can ƙasa. Gindin muryar namiji na tsakanin 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, kuma a nan karin harshenmu ke hawa da sauka. Amma abin da ke raba baƙi da baƙi, wanda ke sa ka san "kafa" aka ce ko "ƙafa", "sara" ko "tsara", galibinsa yana sama, daga 1,000 har zuwa 6,000 da ɗoriya. Mai sauraren karatun Alƙur'ani ma a nan yake tsintar bambancin sinun da sadun. Sifikar kirki ba ta da ɗan lele a cikin waɗannan zanguna: idan aka ba ta kowanne da ƙarfi ɗaya, ta mayar da shi da ƙarfi ɗaya. In aka zana amsarta a takarda sai a ga layi kusan a miƙe. Inda ta fifita wani zango layin ya yi tudu, inda ta danne wani ya yi rami. Ana auna tudun da ramin da desibel. Desibel 3 na nufin ninka wutar da ake bai wa sifika sau biyu, desibel 10 kuwa kunne na jin sa kamar an ninka ƙara. Layin da bai kauce sama ko ƙasa da desibel 3 ba, masu sana'ar sun yarda ya yi.

Kunne na da amfani wajen sanya wa ciwo suna. Gum-gum ɗin da ke maimaita amo ɗaya ko wace waƙa aka sa, tudu ne tsakanin 60 da 120. Murya kamar daga cikin tulu, a duba 250 zuwa 500. Magana ta hanci, wajen 1,000. Abin da ke yankan kunne har mutum ya yamutse fuska, 2,000 zuwa 5,000. Amma daga sanya suna kunne ba ya wucewa, domin shi kansa ba ma'auni ne mai adalci ba. Tun a 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ya fi kaifi a wajen 2,000 zuwa 5,000, kuma yana raina amon ƙasa idan ƙara ba ta da yawa. Ga kuma sabo: minti goma kana gaban sifika mai laifi, kunnenka ya yafe mata. Balle kai ka ƙera ta.

Da na isa, abin da na fara sa mu yi shi ne fito da akwati ɗaya tsakar gida. Duk gwajin wata biyun nan a ɗakinsa ya yi shi, ɗaki sha biyu-sha biyu irin na gidajen haya, bangon bulo da filasta, ƙasa tayil. Irin wannan ɗaki ba ya faɗa maka gaskiya. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ya ɗan ƙara sauri idan zafin Maris ya kankama. Duk amon da rabin tsawon igiyarsa, wato nisan da sauti ke tafiya a kaɗawa ɗaya, ya yi daidai da tazarar bango biyu masu fuskantar juna, zai riƙa kai-komo a tsakaninsu yana ƙarfafa kansa. Lissafin ba wuya: ka raba 343 da ninki biyu na tazarar. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, amsa ta zama 47, sannan ninkinta 94. Tun da tsawo da faɗin ɗakin ɗaya ne, bangaye huɗun duk amo ɗaya suke rerawa. Ka kunna 47 tsantsa a irin ɗakin nan ka yi tattaki: a jikin bango kamar zai tsaga maka ƙirji, a tsakiyar ɗaki kuma ka neme shi ka rasa. Sifikar ba ta canza ba, kai ne ka matsa.

Bangon da ke bayan akwati ma yana da tasa ɓarnar. Amon ƙasa na zagayawa baya, ya daki bango ya dawo a makare. Idan fuskar sifika na da tazarar santimita 85 daga bango, wanda ya dawo zai tarar da ɗan'uwansa a kishiyar kaɗawa a wajen 100, su kashe juna. Na sha ganin mai aiki yana ta tura madannin 100 na ikwalaiza, na'urar da ke ƙara ko rage ƙarfin kowane zango, sama don cike wannan rami, ramin na nan daram, domin duk abin da ka ƙara wa mai tafiya ka ƙara wa mai dawowa. Maganinsa matsar da akwatin, ko dai ya manne da bango ko ya yi nisa sosai.

Kayan awo ba su fi ƙarfin mai sha'awa ba. Mafi sauƙi wayar hannu biyu: ɗaya da manhajar da ke fitar da amo tsantsa a kowane zango ka zaɓa, ɗaya da manhajar da ke zana abin da ta ji. Makirufon waya don magana aka yi shi, ba a dogara da shi a can ƙasa ko can sama, amma ya isa ya nuna maka bambancin kafin gyara da bayan gyara matuƙar ba ka gusar da shi daga inda yake ba. Wanda ya ɗauki abin da gaske zai nemi makirufon awo, irin UMIK-1 na miniDSP da ake soka wa kwamfuta kai tsaye, ko ECM8000 na Behringer mai bukatar wutar bolt 48 daga miksa. Manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta, kyauta ake sauke ta. Tana sakin wani sauti mai hawa daga ƙasa zuwa sama cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta zana maka layin.

Akwai dabara ɗaya a cikinta da nake son kowa ya fahimta, domin ita ke raba muryar sifika da muryar wuri. Ka ɗora akwatin a kan tebur, tsakiyarsa ya kai mita 1.2 daga ƙasa, makirufo ma haka, tazarar mita ɗaya a tsakani. Sautin da ya tafi kai tsaye mita ɗaya ya yi. Wanda ya daki ƙasa ya tashi ya yi mita 2.6, ya makara da abin da bai kai kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ba. Sai ka umarci manhajar ta rufe kunnenta kafin na biyun ya iso. Abin da ya rage sifikar ce zalla, sai dai awon ba ya aiki ƙasa da wajen 200. Don amon ƙasa sai a koma hanyar da Don Keele ya bayyana a 1974: a kawo makirufo dab da tsakiyar faifan sifikar, kamar santimita ɗaya, inda ƙararta ta rinjayi duk abin da bango zai mayar. Mu bayan sallar asuba muka yi namu awon, kafin masu janareto da injin markaɗe su farka, da ƙara kaɗan don kada a tashi maƙwabta.

Kafin awo ma akwai binciken minti biyar. Batirin tocila mai bolt 1.5, a taɓa kansa da jar waya, gindinsa da baƙa: faifan babbar sifika ya kamata ya turo waje. Idan na akwati ɗaya ya turo na ɗayan ya shige, to suna cin amon junansu, kuma a tsakiyarsu ne za a fi jin rashin. Ba a yi wa tuwita wannan gwaji. Sai mitar awon wuta, wadda ke nuna turjiyar sifika a ma'aunin om: sifikar da aka rubuta wa om 8 takan nuna tsakanin 5.5 da 6.5, mai om 4 wajen 3. In biyu iri ɗaya suka nuna lambobi masu nisa da juna, an taɓa naɗa wa ɗaya sabon kwail, wato naɗin wayar da ke motsa faifan. Ina girmama masu naɗin kwail, sun ceci sifikoki da ba su ƙirguwa a ƙasar nan. Amma a sani cewa kaurin waya, da yawan naɗi, da nauyin sabon faifai da gam, duk suna canza halin sifika, lambobin da kamfani ya rubuta sun daina aiki a kanta. Daga ƙarshe a buɗe yatsu a danna faifan a hankali, daidai ta kowane gefe. Idan an ji karce-karce, kwail na gugar jiki, wataƙila ƙurar hunturu ko garin ƙarfe ya shiga ratar maganaɗisu. Na ƙanina duk sun tsallake wannan. Lafiyarsu ƙalau, su ne kuma ake shirin zubarwa.

Sai muka koma kan akwatin. Muka auna cikinsa: santimita 42 da 52 da 25. A ninka su a raba da dubu, lita 54 da ɗoriya; a cire wurin da maganaɗisu da tarkace suka cinye, ya rage kamar lita 50, wato jarka biyu. A fuskarsa ya huda kafofi biyu masu faɗin inci 4, ba bututu a bayansu, saboda haka ya gani a jikin wata sifika a wurin biki. A nan gizo ke saƙar gum-gum ɗin. Kafar akwati ba don sifika ta sha iska ake yin ta ba. Iskar da ke cikin kafar da wadda ke cikin akwatin suna haɗuwa su yi amo nasu na kansu, kamar yadda kwalba ke kuka idan ka hura bakinta. Faɗaɗa kafa na ɗaga amon, tsawaita ta da bututu na sauke shi, ƙara girman akwati ma na sauke shi. Lita 50 da kafofi biyu na inci 4 a katako tsirara na ba da wajen 95.

Ba sai ka yarda da lissafi ba, akwai gwajin da ido ke gani. A kwantar da akwatin fuskarsa sama, a zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa a kan faifan, a kunna amo tsantsa daga 150 ana saukowa sannu a hankali. Shinkafar za ta yi ta tsalle, sai a kai wani wuri ta lafa kamar an kashe wuta, alhali kafar na hura iska da ƙarfi. Wannan wurin shi ne amon akwatin, domin a nan kafar ke karɓar aikin faifan. Tasa ta lafa ne kaɗan sama da 90. Ma'ana, akwatin na tura duk ƙarfinsa daidai gindin muryar namiji, ya kumbura ta har ta rufe sauran. Ƙasa da wannan amo kuwa sauti na faɗuwa da desibel 24 duk lokacin da zango ya ragu da rabi, faifan kuma ya rasa abin da ke riƙe shi, ya yi ta lilo a banza. Shi ya sa idan mai magana ya busa makirufo za ka ga faifai na neman ficewa. Madannin yanke amon ƙasa da ke jikin miksa, mai lamba 75, 80 ko 100, don wannan aka yi shi, kuma ga taron magana ya kamata ya zauna a danne.

Muka toshe kafa ɗaya da katako da gam, amon ya sauko wajen 67. Muka soka wa ɗayar bututun ruwa na roba mai inci 4, tsawon santimita 12, ya sauko wajen 50. Ba zan ce wannan ne gyara na ƙarshe ba. Bututu ɗaya ya yi wa inci 15 kaɗan, idan aka buɗe mata wuta da kiɗa zai yi huci. Akwatin kansa ma ya matse ta. Tun 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin dacewar sifika da akwati, Richard Small ya faɗaɗa shi a Jami'ar Sidni a farkon shekarun 1970. Lambobi uku ne ginshiƙinsa: Fs, amon da sifika ke kaɗawa da kanta a fili, Qts, yadda maganaɗisu ke iya tsayar da ita, da Vas, laushinta a ma'aunin lita. Ɗauki sifika mai Fs 40, Qts 0.7, Vas lita 150, ka rufe ta a lita 50. Amonta zai kai 80, Q ɗin, wato Qts ɗinta a cikin akwati, ya zama 1.4, tudun desibel 3.5 ya tsiro, tun ba a huda ko kafa ɗaya ba. Mai Qts ƙasa da 0.4 ita ta fi dacewa da akwati mai kafa. Mai raunin maganaɗisu ta fi son rufaffe kuma babba. Manhajar WinISD, ita ma kyauta, za ta nuna maka wannan kafin kafinta ya ɗora zarto.

Cikin akwatin nasa fayau yake, ba ko ƙyalle. Abin da ɗaki ke yi, akwati ma na yi a ƙaramin sikeli: tsayin santimita 52 na tara amo a wajen 330, ya dawo ta cikin faifan, shi ne muryar tulu. Muka lulluɓe bayansa da gefensa da audugar roba irin ta matashin kai, muka bar hanyar bututu a buɗe. Na ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa, ya amsa kamar ƙwarya, sai muka gicciya katako daga gefe zuwa gefe har ƙwanƙwasar ta koma tauri. Sannan muka kunna amon 35, na jiƙa bayan hannuna na bi mahaɗar katako ina neman inda iska ke tsiyaya. Wannan binciken a riƙa maimaita shi duk shekara, domin katakon gari da ake kira MDF na kumbura da damina, hunturu kuma ya busar da gam ya buɗe mahaɗa.

Duk wannan ya rage gum-gum, amma bai dawo da maganar ba. Babban laifin yana tsakiya, kuma shi ne laifin da na fi gani a akwatunan garin nan. Faifan sifika mai inci 15, wurin da ke motsi, faɗinsa kamar santimita 33 ne. Igiyar amon 1,000 tsawonta santimita 34. Daga inda igiya ta gajarta ta kai faɗin faifai, sauti ya daina bazuwa, ya tattaru ya zama kamar hasken tocila, wanda ke saitinta kaɗai ke samu. Sama da haka kuma faifan ba ya motsi a dunƙule, tsakiya na tafiya gefe na jan ƙafa, sai tuddai masu kaifi su fito. Tuwitocinsa kuwa irin na roba ne marasa maganaɗisu, waɗanda ake kira fiyezo, da kyar suke buɗe baki ƙasa da 3,500. Wa ke riƙe da tsakanin 1,000 da 3,500? Babu kowa, in ban da ɗan siririn layin da ke gaban akwatin. Da muka gusar da makirufo gefe kaɗan, layin ya zurma rami mai faɗi daidai inda baƙaƙen magana suke zaune. Ƙanina ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Ashe Malam a nan yake faɗawa."

Jeren tuwita huɗu a kwance ya ƙara dagula lamarin. Idan kana gefe, ɗaya ta fi ɗaya kusa da kunnenka. Bambancin santimita 3.4 kacal ya isa su kashe juna a 5,000, ka matsa taku ɗaya ramin ya koma wani zango. Ka kunna shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba ka gitta ta gabansu, za ka ji sautin na sauya launi kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. In dole sai an yi da yawa, a jera su a tsaye, domin masu sauraro a kwance suke bazuwa. Masu amfani da tuwita mai kwail su ma suna da nasu tarkon, wato kafasita ɗaya tilo, mai tare wa tuwita amon ƙasa, da ake kwafa daga akwatin wani. Kafasita mai maikrofarad 3.3 a kan om 8 na yankewa ne a wajen 6,000. Ka ƙara tuwita ta biyu a kan wayoyin nan guda, om ya koma 4, yankan ya haura 12,000. Ka ƙara kaya, sauti ya ragu.

Kuɗin da ya tanada don manyan sifikoki, kaɗan daga ciki muka ɗauka muka sayo tuwita mai ƙaho guda ɗaya ga kowane akwati, irin mai maƙogwaron inci ɗaya da ke iya saukowa ƙasa da 2,000. Muka rufe ramukan fiyezo. Sai aikin kurosoba, wato mai rabon aiki tsakanin babba da ƙarama. Muka zaɓi 1,800, da yankan desibel 12 ta kowane ɓangare. A takarda, ga om 8, kwail mai milihenri 1.4 ne da kafasita mai maikrofarad 5.6 a kowane reshe. A takarda na ce, domin om 8 ɗin suna ne kawai. Kwail ɗin babbar sifika na ƙara turjiya yayin da zango ke hawa, a wajen 2,000 tana iya ninkawa, sai yankan ya ƙi kamawa. Ana lallashinta da resista da kafasita a jere, a gicciya su a bakin wayoyinta, dabarar da ke ɗauke da sunan Otto Zobel. Kafasitar kurosoba kuma dole ta zama marar kai da gindi; irin ta cikin rediyo mai alamar fosi da nega ba ta wannan aiki ba ce. In kwail biyu ne a allo ɗaya, a nisanta su, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, don kada su yi wa juna raɗa.

Awon farko bayan haɗawa ya nuna abu biyu. Ƙahon ya fi babbar ƙara da kusan desibel 10, abin da aka saba gani, domin irinsa kan ba da sama da 105 daga wat ɗaya, babbar kuwa tana wajen 96. Resista mai om 5.6 a jere da mai om 3.9 a gicciye, manya na farar ƙasa masu jure zafi, suka sauko da shi. Na biyun rami ne siriri mai zurfi daidai 1,800. Wannan ramin ba abin tsoro ba ne, alama ce mai kyau ma. Yankan desibel 12 na barin sifikokin biyu a kishiyar juna a mahaɗarsu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Muka juya wayoyin ƙahon, ja ta koma wurin baƙa, ramin ya cike. Ba doka ba ce a ce kullum sai an juya, domin zurfin ƙaho na sa muryarsa ta taso daga baya, kuma wannan tazara na shiga lissafi. A gwada duka biyun a auna. Gwargwadon zurfin ramin a haɗin da bai dace ba, gwargwadon kyawun haɗuwarsu a wanda ya dace.

A duk tsawon aikin nan na hana shi taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Gyara ɗaya, awo ɗaya, a rubuta a littafi, makirufo na nan inda aka yi masa alama da alli. Ya ƙosa, na gani a fuskarsa, ga kwanaki na tafiya. Amma wanda ya canza bututu da kafasita da auduga a zama ɗaya, ko sautin ya gyaru bai san wanne ya gyara ba, ranar da zai haɗa wani akwatin daga farko zai fara.

Ikwalaiza sai a ƙarshe muka kunna ta. Na tarar ya jera madannanta kamar bakin mai murmushi, gefe da gefe sama, tsakiya ƙasa, yadda kusan kowa ke yi. Wannan jeri na danne tsakiyar da muka sha wuya muka dawo da ita. Muka mayar da su layi ɗaya, muka rage kaɗan a 100 inda matsin akwatin ya bar ɗan tozo. Da ikwalaiza ana aske tudu, ba a cike rami da ita, domin ɗaga desibel 6 na neman ninki huɗu na wuta, kwail kuma ya yi zafi. Tagulla na ƙara turjiya da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka kwail da ya ƙaru da digiri 100 turjiyarsa ta haura da kusan kashi 40. Shi ya sa a taron rana tsaka sauti ke dushewa bayan awa biyu, mai aiki ya ƙara murɗa ƙara, amfilifaya ta ƙure, musamman in wuta ta yi ƙasa, tuwita kuma ta ƙone. Gurnanin da ake ji ko ba a kunna komai ba, mai amon 50 ko 100, shi kuma na wutar lantarki ne da wayoyi, ba ruwan akwati.

Ranar walima muka ɗora akwatunan a kan tebura, ƙahonin suka wuce kan mutanen sahun gaba, muka ɗan karkato su zuwa tsakiyar fili. Na je can baya wajen masu sayar da ruwa na tsaya. Da wata yarinya ta fara karatu, ina jin inda take jan madda da inda take tsayawa, ina rarrabe sinun da sadun. A can gefen hagu, kusa da katanga, har yanzu akwai ɗan ramin tsakanin 1,000 da 1,800, domin inci 15 ba za ta daina tattara sautinta ba don an yi mata kurosoba. Ƙanina ya riga ya zana sabon akwati mai lita 100 a littafin nan nasa, da gurbin sifika mai inci 6 tsakanin babbar da ƙahon, ya ce bayan Sallah zai kai wa kafinta.